Ƙafar Rabi Ɗaya Ce Ta Kumbura

Zuwa ga babban likita, shugaban asibitin da matan unguwarmu ke haihuwa a cikin birnin Kano.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka tare da ma'aikatanka. Ni malamar Islamiyya ce a wajen Ƙofar Wambai. Tunda soja sun koma bariki, aka ce talaka ya sami bakin magana, to ga tawa. 'Yata Rabi ta rasu bayan an yi mata aikin haihuwa a asibitinka. 'Yar fari ce, ban taɓa kiran sunanta ba sai a takardar nan. Ƙanwarta Hadiza na da tsohon ciki, ita ma kun ce sai an yi mata aiki, a ɗakin da aka kwantar da yayarta.

Na ɗaya. Bayan suna ƙafar Rabi ta hagu ta kumbura, ta yi zafi, har ba ta iya takawa. Ta dama lafiya lau. Muka kawo ta. Likitan da ya gan ta ko zaninta bai ce a ɗaga ba. Yana rubutu ya ce kumburin jego ne, a gasa da ruwan zafi, a yi tausa. Ranka ya daɗe, na haihu, na yi wa wasu wankan jego, ban taɓa ganin kumburin da ya zaɓi ƙafa ɗaya ba. Na faɗa masa, ya kira mai bi mana a layi.

Na biyu. Mun bi maganarsa. Unguwarzoma ta murza ƙafar nan safe da yamma, Rabi na cije leɓe don kunya. Sai numfashinta ya fara sarƙewa, ƙirji na sukanta. Muka dawo, aka ce sanyi ne ya shige ta wajen wanka, aka ba mu maganin tari. Sai da ta faɗi a tsakar gida muka kai ta wani asibitin. Can suka ce jini ne ya daskare a jijiyar ƙafar, ya ɓalle ya toshe huhu, kuma ƙafa irin wannan ba a taɓa ta da tausa. Ba ta kwana ba.

Na uku, shi ne ke hana ni barci. Mu mutanen birni ba ma jinkirta gawa. Kafin la'asar an kai ta, masu gaisuwa suka ce kwana ne ya ƙare, muka ce haka ne. Na yarda da ƙaddara, amma haƙurin nan namu ya zame muku mafaka. Mata nawa aka kai haka babu wanda ya tambaya? Likitan na nan a kujerarsa, na gan shi ranar da na raka Hadiza awo.

Ba diyya nake nema ba. Ina roƙo ka binciki abin da ya faru, ka kuma umarci ma'aikatanka su duba da idonsu duk mai jegon da ta kawo kukan ƙafa, su daina tura ta gida a murza.

Ba mu da ƙarfin biyan kuɗin aiki a wani asibitin. Hadiza ta fara zaga dangi tana neman gafara, jiya kuma ta gaya mini wanda zan ba riƙon abin da za ta haifa in ba ta tashi ba. Watan gobe zan kawo maka ita.

Allah ya ba ka ikon riƙe amanar da ke wuyanka, ya sa ka gama lafiya.

Wassalam.
Mahaifiyar Rabi da Hadiza.