Firijin da Na Sa Wa Baffa a Rumfar Zarto

Gwaggo, don Allah ki taimake ni da shawara. Kaina ya kulle, kuma duk wanda na faɗa wa maganar nan a gidanmu, kafin la'asar ta isa kunnen mai ita.

Ni mace ce, shekaruna talatin da shida, ina da wurin tsaga katako da na gada daga mahaifina. Ba wani babban wuri ba ne: rumfar kwano, babban injin zarto ɗaya, ƙarami ɗaya, filin da ake sauke gumagumai, sai ma'aikata bakwai. Da Baba ya rasu shekara huɗu da suka wuce, yayyena maza duk suka noƙe, ba mai son ƙura ta taɓa masa farar riga. Ni ce na taso ina bin Baba wurin tun ina makaranta, sai aka ce in riƙe. Wanda ya tsaya mini a lokacin shi ne Baffa, ƙanen Baba uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ke riƙe babban zarto, shekara talatin da wani abu yana kansa. Gungume ya kalla sau ɗaya zai gaya miki katako nawa zai fita a ciki. Daga ƙarar injin kaɗai ya san haƙoran zarto sun dakushe. Kuma yatsunsa goma cif suke, abin da a sana'armu ba kowane tsohon hannu ke iya nunawa ba. Yana ji da su kuwa, in ya ga sabon ma'aikaci sai ya ware masa su a fuska kafin ya koya masa komai.

Farkon zuwana ma'aikatan nan sun gasa mini gyaɗa a hannu. In na yi magana sai su dubi Baffa, in na gaishe su a amsa mini a ciki. To akwai wani abu da suka yi imani da shi tun zamanin Baba: wai dusar katako tana maƙalewa a maƙogwaro da ƙirji, kuma ba abin da ke wanke ta sai lemun kwalba mai gas, mai sanyi ƙarara. A kafa kai a shanye, a yi gyatsa mai ƙarfi, shi ke nan wai ƙura ta fita. Da can kowa shi ke tsallaka titi ya sayo kwalba ɗaya, shi ma sai ranar da aka tsaga busasshen itace. Ni kuma da wayona na ce bari in sayi zuciyarsu. Na samo tsohon firij na kafa a lungun rumfa, na ce lemu kyauta ne, ɗaya da hantsi ɗaya da rana. Gwaggo, sati bai cika ba na zama uwar ɗaki. Shi kuwa Baffa na ce ai ba a yi wa uba ƙidaya, na ɗauki makullin firijin na danƙa masa. A zatona girmamawa na yi.

Yanzu a rana yana shan shida, wata rana bakwai. Ni da kaina nake kwashe kwalaben a ƙarƙashin bencinsa, don haka ba ji na yi ba.

Tun wajen wata biyar da suka wuce na fara ganin abin da ban gane ba. Kullum ƙishirwa yake ji, yana ajiye kwalba yana neman wata. Kafin a gama gungume ɗaya ya zaga bayan rumfa sau biyu. Har ma'aikata suka fara tsokanarsa wai ƙiyashi sun samu aiki a wurinmu, don inda yake fitsari nan suke taruwa, shi ma da shi ake dariyar. Ya rame, na ga ya huda sabon rami a bel ɗinsa da ƙusa. Da na ce Baffa ka faɗa, sai ya ce zafi ne, wai ai ni ma ba ƙiba na yi ba.

Sai wani kafinta da ya daɗe yana sayen kayanmu ya dawo mana da katako goma sha biyu. Kaurin kan nan inci ɗaya, can ƙarshen bai kai ba. Mutumin ya ja ni gefe don kada Baffa ya ji, ya ce shekara ashirin bai taɓa auna katakon Baffa ba sai wannan karon. Baffa ya ce laifin zarto ne, aka wasa. Ya ce laifin alli ne, wai na yanzu ba ya fita a jikin itace, na sayo wani. Ni dai ina kallonsa yana kai fuskarsa dab da katako yana laluben layin da shi ya ja da hannunsa, injin kuma yana juyawa a gabansa.

Ranar Talatar da ta wuce ce ta hana ni sukuni. Ina tsaye yana tura katako, sai na ga jini a jikin farin itacen, layi guda. Sartse ne ya shige masa babban yatsa, dogo kamar ashana, kuma bai sani ba. Ni na gani kafin shi. Na yi ihu aka kashe injin. Ya duba yatsan ya yi dariya ya ce fatarsa ce ta yi kanta, ya zare ya ɗaure da tsumma. Kin san abin da na yi, Gwaggo? Don ruɗewa na ruga na buɗe firij na miƙa masa lemu wai hankalinsa ya kwanta. Sai da na koma gida na zauna na yi kuka, na ce wace irin sakarya ce ni.

Maƙwabciyata ma'aikaciyar jinya ce. Na kwashe komai na gaya mata ban ce ko wane ne ba, ta ce alamun nan sun yi kama da ciwon suga, maza a je a gwada jini, kuma mai wannan hali bai kamata ya tsaya gaban injin ba. Washegari na yi ta kewaye-kewaye na kawo wa Baffa zancen asibiti. Ya yi kicin-kicin da fuska ya ce shi tun da aka haife shi dubiya kaɗai ke kai shi asibiti. Ya ce in so nake in sauke shi daga kan zarto in fito fili in faɗa, wurin nawa ne. Kwana biyu gaisuwata ma da kai yake amsawa.

Na gwada cire lemun ma. Ranar Alhamis na cika firijin da ruwa zalla. Wayyo! Ranar kowa ya kamu da tari, wanda bai taɓa tari ba ma sai da ya yi, suna yi suna satar kallona. Aikin yini ɗaya ya ƙi ƙarewa. Ranar Juma'a na mayar musu da abinsu, na ji haushin kaina.

Abu ɗaya ne ya ɗan sanyaya mini rai. Jiya na lura ya ce wa mataimakinsa ya ja masa layi, shi kuma ya yi kamar yana gyara wani abu a gefe. Ke nan ya san idonsa ba daidai yake ba, faɗa ne ba zai yi ba.

Gwaggo, ni na jawo masa wannan ciwon? In na bar shi a kan injin wani abu ya same shi, da wane ido zan kalli matarsa da 'ya'yansa? In na sauke shi kuma, mutumin da ya hana a raina ni, ni zan tozarta shi gaban yaran da ya koya wa aiki? Wallahi ina son Baffa kamar yadda nake son Baba. Ki gaya mini ta inda zan fara.

'Yar Mai Zarto

Amsar Gwaggo

'Yata, sannu da ƙoƙari, kuma share hawayenki. Wasiƙarki ta fi ba ni ƙarfin gwiwa fiye da tsoro, domin kin ga jinin nan tun yana na sartse.

Bari in fara da laifin da kike ɗora wa kanki. Ni ba likita ba ce, amma na tambayi likitar da nake tuntuɓa in irin wannan ta taso. Ta ce ciwon suga ba abu ɗaya ke kawo shi ba, akwai gado, akwai shekaru, akwai yanayin jiki. Sai dai kwalba ɗaya ta irin lemun nan tana iya ɗaukar suga kusan cokalin shayi takwas zuwa goma, ki lissafa shida a rana. Kuma ga mai wannan larura lemun ba ya kashe ƙishirwa, ƙara ta yake yi: ya sha, suga ya hau, fitsari ya ƙaru, ƙishirwa ta dawo, ya sake buɗe wata. Don haka ba zan ce miki firijin ba shi da hannu ba. Amma da niyyar alheri kika sa shi, ba ki sani ba. Yanzu da kika sani ne abin da za ki yi zai zama naki.

Ga albishir kuma. Ta ce gani dishi-dishi da hawan suga ke kawowa sau da yawa yakan washe in sugan ya sauka, kuma mutane da dama suna ci gaba da sana'arsu shekara da shekaru da wannan ciwo in sun kiyaye. Rashin jin yatsu ne ba a wasa da shi, gara a tare shi da wuri. Ba ni ba, ba maƙwabciyarki ba, gwajin jini ne kaɗai zai faɗi abin da ke damunsa, kuma allura ce kawai ake ɗan tsira wa yatsa.

Yanzu ki dubi Baffa ta inda yake tsaye. Ba taurin kai ba ne kawai, tsoro ne. Mutumin da duk darajarsa tana idonsa da hannunsa ya ji suna kuɓuce masa, sai ga 'yar wansa tana kewaye-kewaye da zancen asibiti. Dole ya ɗauka sallama ce ake shirya masa. Ya ce ki fito fili, to ki fito. Ki same shi ku biyu, ba gaban ma'aikata ba. Ki gaya masa abin da kika gani ɗaya bayan ɗaya, har da layin da ya sa aka ja masa. Ki ce masa kin tsorata. Ki ce ba sauke shi kike yi ba, hutu ne daga bakin zarto har likita ya duba shi, kuma ranar da likita ya ce ya koma, injin nasa ne. Kafin nan wasa zarto, zaɓen gungume da sa ido kan mataimakinsa duk suna hannunsa, kuma ki faɗa wa ma'aikata da bakinki cewa har gobe shi ne babba a rumfar. Ki ce tare za ku je, a fara da naki yatsan, tunda jininku ɗaya, ke ma gwajin zai amfane ki. Sauran ma'aikatan ma ki shirya musu nasu daga baya, shekara huɗu ke nan suna sha.

Amma ki ji ni da kyau: a kan tsayuwa gaban injin babu sassauci. A nan ke ce mai wuri, kuma alhakin duk wanda ke rumfar yana wuyanki.

Su kuma masu tarin ranar Alhamis, sun ba ni dariya, amma suna da gaskiyarsu. Ƙurar da suke shaƙa ba ƙarya ba ce, kuma ba a ƙwace wa mai aikin ƙarfi ɗan abin jin daɗinsa rana ɗaya ba bayani. Kuskurensu ɗaya ne: ƙura hanyar huhu take bi, lemu kuma ciki yake tafiya, ba sa ma haɗuwa. Gyatsar nan gas ɗin da suka sha ne ke dawowa. Ki tara su ki faɗa musu haka. Ki sayo takunkumin hanci mai kyau, ke ki fara sawa. A riƙa yayyafa ruwa kafin shara, a buɗe gefen rumfar iska ta ratsa. Firij ya zauna inda yake, a cika shi da ruwan sanyi, lemu ya sauko zuwa ɗaya a rana, bayan wata guda ya koma na ƙarshen mako. Za su yi gunaguni, ki bar su su yi. Kin wuce lokacin da sai da kwalba za a amsa gaisuwarki.

Kada ki jira Litinin, kada ki jira ya huce. Gobe ki riga kowa isa, ki tsaya a gaban makunnin injin kafin ya kai hannu, ki durƙusa ki gaishe shi yadda kike gaishe shi a gida, sannan ki ce yau akwai inda za ku je. Wataƙila ya yi mako ba ya kallonki. Ki daure, fushin uba yana wucewa, kuma wanda ya tsaya miki ranar da ba kowa, yau ranarki ce ta tsaya masa ko da bai so ba.

Allah Ya ba Baffa lafiya, Ya mayar da shi kan zartonsa da idonsa garau, ke kuma Ya yi miki albarka.

Gwaggo