Abin da Ka Faɗa a Cheras

Zuwa ga Nasiru,

Sallama irin wadda ake yi wa mutanen kabari. Ka ga na kira sunanka gatsau. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa kiran sa ba, kullum Malam, kullum Baban Amira, yau kuwa na kira kuma ba abin da ya faɗo daga sama. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Da kana da rai ma ba karantawa za ka yi ba, na san halinka. Kafin ka kai layi na uku za ka ce kanka na ciwo, ka toshe kunnuwanka da kiɗa, ka juya wa bango fuska.

Muna nan Wangsa Maju, a ƙasar 'yan Malay, a gidan da ka bar mu. Amira ta kusa kamo ni tsawo. In na yi mata Hausa ta amsa da Turanci, in na yi mata faɗa ta ƙara mini da lah ɗin da mutanen nan suke liƙa wa magana a ƙarshe. Ni kuma na kusa gama digirina na biyu, wanda ka ce ba zan iya haɗa shi da girki ba. Teburinka na jami'a a Jalan Semarak ko wata bai yi ba aka ba wani, kuma an ce mutumin ya fi ka zuwa da wuri. Mai mamak, shagon abincin nan na ƙasan gidanmu, ya daɗe da daina tambayar ka. Ban faɗa don in ƙona maka rai ba, labarin gida ne kawai.

Maganar da ta sa na zauna rubutu ita ce shekararka ta ƙarshe, shekarar da ka ba wa Turawan nan masu kiɗan punk.

Ka tuna yadda ta fara? Azlan, abokin karatunka ɗan Malay, shi ya ara maka faifansu. Wasu samarin Landan ne da suka yi tashe tun ba a haife ka ba, waƙarsu ba ta kai a tafasa ruwan shayi ta ƙare, kuma daga farko har ƙarshe ihu ne kamar an taka wa mutum yatsa. Na ɗauka abin mako guda ne. Ashe na yi kishiya ne da gardawa huɗu. Ka sayi jita, ka sayi takalmin soja, ka sayi rigar fata baƙa mai ƙusoshi, a garin da ko singileti mutum ya sa gumi yake. Ka san ranar haihuwar mai gangarsu, ka san wanda ya fara barin ƙungiyar da dalilinsa, ka san wanne ya mutu da abin da ya kashe shi. Amma ranar da Amira ta karɓi kyauta a makaranta ni kaɗai na je, don ka manta. Kana zaune a falo kana kaɗa kai kamar ƙadangare, ina yi maka maganar cefane, sai ka ɗaga kunne ɗaya ka ce in sake faɗa.

Abin da ya fi ba ni dariya, kuma har yau yana ba ni, shi ne yadda kake fita ran Lahadi da rana. Daga gida ka fita da kaftani da hula, mutumin kirki, kana gaisawa da 'yan Najeriya a bakin lif. Rigar fatar tana cikin jaka. Sai ka kai tashar jirgin ƙasa ka shiga banɗaki ka canza, sannan ka wuce Cheras, saman wani shago, inda kuke haɗuwa da su Azlan kuna doka kiɗan Turawan. In za ka dawo ka sake shiga banɗakin nan ka koma Malam Nasiru. Wannan shi ne tawayen naka? Tawayen da ake ninkewa a sa a jaka?

Sai zanen. Ka dawo wata rana da bandeji a damtse ka ce mini ƙuna ce. Da ya warke na ga fil ne, irin wanda ake maƙale wa jariri nafkin da shi, an zana maka da tawada a cikin fata, wai alamar masoyansu ce. Na ce maka haramun ne, na ce ka ji tsoron Allah, na ce ka tuna wata rana wasu ne za su tuɓe ka. Ka kama hannuna kana roƙo kada kowa ya ji. Na rufa maka asiri. Ko a gida ka daina sa riga mai gajeren hannu don kada 'yarka ta gani.

Wata ranar kuwa ta zo da wuri. Ruwan la'asar, babur ya zame da kai a wata kwana a Setapak, shi ke nan. A nan aka binne ka, kamar yadda aka saba yi wa namu.

Malam Kabiru, shugaban ƙungiyar ɗalibanmu, yana cikin waɗanda suka yi maka wanka. Kowa ya san mai wankan gawa bakinsa a ɗinke yake, abin da ya gani a jikin mamaci tare da mamacin ake binne shi. Malam Kabiru ya sani, shi yake koya wa wasu. Amma ya gaya wa matarsa, matarsa ta gaya wa matan da suka zo mini ta'aziyya, a cikin falona, suna shan lemon da na ba su. Kafin sadakar uku labari ya isa Kano, kunnen Yaya Sagir, babban wanka.

Ka san wa aka ɗora wa laifin? Kai ka mutu, ka zama waliyyi. Yaron da ya sauke Alƙur'ani, yaron da bai taɓa ɗaga wa na gaba ido ba, yaushe zai yi wa jikinsa zanen 'yan iska? Matar ce. Ita ta buɗe masa ido, ita ta ce sai ta yi boko a ƙasar waje, ita ta lalata shi. Ina cikin takaba, ban isa in taka ƙofar gida ba, ana yawo da sunana daga waya zuwa waya. Yaya Sagir ya yanke hukunci cewa ba za a bar jinin gidansu a hannuna ba. A kawo Amira Kano, gidansa, ya raine ta da kansa.

Na yi kunnen uwar shegu da shi, don ba shi ya haife ni ba. Sai ya bi ta wajen Babana. Kai ma ka san Baba, in ya faɗi magana ban taɓa mayar masa ba, kuma ba zan fara yanzu ba. Baba ya kira ni ya ce macen da ta kasa hana mijinta zana jikinsa ba ta da bakin cewa za ta tarbiyyantar da 'ya mace, da an rufe makaranta in sa yarinya a jirgi. Na ce to. Na ajiye wayar na shiga kicin na zauna a ƙasa. 'Yata ce kaɗai abin da na samu a aurenka, Nasiru, kuma zanen damtsenka zai raba ni da ita.

A cikin takabar nan na saurari faifan naka, duka, ɗaya bayan ɗaya, don in ji abin da ya fi mu. Har na nemi hotunansu na yanzu. Waɗanda suka rage tsofaffi ne masu tumbi da sanƙo, ko sunanka ba su taɓa ji ba. Ba zan yi maka ƙarya ba, akwai ranar da ihun ya yi mini daidai, ina wanke-wanke ina buga tukunya. Kuma na fahimci abu ɗaya. Su waɗannan, da harshen garinsu suka zagi manyan garinsu, a gaban idonsu, kowa yana ji yana ganewa. Kai kiɗansu kawai ka ara.

Ga yadda na sani. Bayan na fita takaba Azlan ya zo da matarsa, sun yo mini tapau, wato abincin saye a ƙunshe, suka zauna a bakin kujera suna jin kunya. Mutanen kirki ne, ba ni da abin faɗa a kansu. Da za su tafi ya tura mini wani bidiyo, ya ce kyauta ce, in ga yadda mijina yake farin ciki a cikinsu. Ya ce duk sun fi son wannan waƙar, wadda kake ɗora yaren garinku a kan kiɗan Turawan in baitin Turancin ya ɓace maka. Ba wanda yake jin Hausa a cikinsu. Bawan Allah bai san abin da ya miƙo mini ba.

Ga ka nan a saman shagon Cheras, rana tana shigowa ta taga, ka cire riga, zanen a fili, jijiyar wuya ta tashi. Ban taɓa jin muryarka da ƙarfi haka ba. Ka fara da Yaya Sagir. Ka faɗi yadda yake zane ka da wayar wuta har ka yi gemu, yadda ya zaɓa maka karatu, ya zaɓa maka mata. Ka koma kan Hajiya, mahaifiyarka, ka ce tana zaune tana kallo ana dukan ka, in an gama ta sa wa mai dukan albarka, ka ce uwar da ta sayar da ɗanta don a zauna lafiya ba uwa ba ce. Sai ni. Ka ce ni kurkuku ce mai ɗankwali, ka ce na hana ka kiɗa, na hana ka zane, na hana ka numfashi, ka ce in ka hango hasken tagarmu daga ƙasa ji kake kamar ka wuce. Daga ƙarshe ka ce in ka mutu kada kowa ya kai 'yarka gidan Sagir, gara karnukan titi su raine ta. 'Yan Malay suna tsalle suna tafi, wani har ya ɗauke ka a kafaɗa.

Wasiyya ke nan fa, Nasiru. Magana mafi nauyi da ka taɓa yi a rayuwarka, ka ɗauke ta ka kai wa mutanen da ka tabbata ba za su gane ko kalma ɗaya ba. Me ya hana ka faɗa wa Yaya Sagir, wanda kake durƙusawa in kana waya da shi ko da ba ya ganin ka? Me ya hana ka faɗa mini? Ni da nake wanke maka rigar fatar da hannu don kada ƙusoshin su yi tsatsa? Da ka ce mini ka gaji da ni, da na ji zafi na warke. Amma kana dawowa ka ci tuwona ka ce Allah Ya yi albarka.

Na riƙe bidiyon nan watanni ban nuna wa kowa ba. Har bayan maganar Baba na ƙara riƙewa, ina cewa mamaci ne, uban 'yata ne, a bar shi da Ubangijinsa. Sai makon jiya Amira ta shigo da akwatin da ta aro wajen ƙawarta, ta tambaye ni ko a Kano za a bar ta ta riƙa kira na. Ba ta yi kuka ba, ninke kayanta kawai take yi. A nan na gama da kai.

Na tura shi. Na tura wa Baba, na kuma sa shi a zauren wayar danginku, inda ake turo addu'o'in safe da hotunan suna.

Kada ka ce ba ni da zaɓi, ina da shi. Na iya yanke bidiyo. Da na so da na tura ƙarshen kawai, inda ka yi maganar Amira, da wurin da ka ce na hana ka zane, waɗannan sun ishe ni. Na duba wurin Hajiya, tsohuwa mai hawan jini wadda ba ta taɓa yi mini komai ba sai shiru, na ɗora yatsa a kan wurin yankewa, sannan na ɗauke. Ni wa ya yanke mini nawa? Ni kaɗai zan zauna da muryarka a kunne har in mutu, su kuma su ci gaba da kiran ka waliyyi? Kowa ya ɗauki rabonsa, gado ne ka bar mana.

Baba ya kira washegari. Ya ce a bar yarinya wajen uwarta, ya kashe wayar. Yaya Sagir ya fita daga zauren, kuma tun ranar ban ji ɗuriyarsa ba. Amira ta mayar wa ƙawarta akwati. Ba ta ga bidiyon ba, ba kuma za ta gani ba muddin ina da rai, wannan kaɗai na rage maka.

Ƙanwarka Ummi ce ta ba ni labarin Hajiya. Ta ce Hajiya ta sa an kunna mata, ta saurara har ƙarshe, ta ce a sake. Ba ta zubar da hawaye ba. Ummi ta ce tun ranar da aka binne ka, duk Juma'a Hajiya da kanta take toya waina ta raba wa maƙwabta sadaka don Allah Ya kai maka haske kabari, ko ba ta da lafiya sai ta zauna a bakin murhu. Juma'ar da ta wuce Ummi ta jiƙa shinkafa kamar kullum, ta ɗauko tanda. Hajiya ta ce ta mayar.

Sai wata rana, in akwai ta tsakaninmu. Allah Ya ji ƙanka, Nasiru. Shi Mai jin ƙai ne. Ni dai ban ji ba.

Balaraba, uwar Amira,
tana tare da 'yarta a Wangsa Maju.