Ƙugiya Ba Ta Ɗaukar Tsibi

Yaya Sa'idu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya iyali, ya ƙafar Inna? Ciwon bayana ya lafa, ka daina cewa in dawo gida.

Mai gonar da nake aiki a nan Badar ya sayo injin da ke jera damman ciyawa goma-goma a ƙasa, tarakta ta kwashe su da ƙugiyoyi lokaci guda. Ran farko na bi bayan injin ina ɗora su kan juna, yadda muke tara harawa. Direban taraktar ya leƙo ya ce, "Ya Hajji, a shimfiɗe take ɗauka." Sai da na sauke su duka.

Shekara ashirin ina dako, yanzu aikina in cire hannu, kuma shi ya fi wuya.

A sa ni a addu'a. Ka gaida Inna.

Ƙaninka,
Habu