Sau Nawa Auta Ya Kalli Inna

Lahadi, 4 ga Mayu

"Yaya, ki ɗauke ta kawai, gidanki ya fi sarari. Wallahi duk Asabar ina nan, ni zan riƙa yanke mata farce." Maganar ƙanena Auta ke nan, da bakinsa, ranar da muke ɗaure kayan Inna za ta dawo wurina. Na rubuta a nan don kada wata rana ya ce ƙari na yi masa.

Jiya Asabar. Ni na yanke farcen, kamar yadda nake yi tun zuwansa na ƙarshe, wajen wata biyu ke nan. Gari ɗaya muke, mota ɗaya ce tsakaninmu. Injiniyan lantarki ne fa, ba matuƙin jirgin ruwa ba.

Likita ya ce mantuwar Inna gaba take yi, ba ta komawa baya. Ya ce duk wanda yake so ta gan shi da sauran saninta, to yanzu ne. Na faɗa wa Auta a waya. "To, Yaya." Na tura masa a rubuce. Ya maido min da ɗan hoton hannu biyu na addu'a. Hoton hannu! Ga matar da ta goya shi har sai da ƙafarsa ta fara taɓa ƙasa.

Na daina kira. Akwai wata hanyar.

Talata, 6 ga Mayu

Jiya da na dawo daga makaranta na ɗauki Inna bidiyo, tana zaune a bakin gado tana ninke ɗankwali tana warwarewa. Na ɗora a sitatus ɗin wayata, inda duk dangi suke gani, na rubuta a ƙasa: "Inna tana gaida masu tunawa da ita." Dangi kaf sun san da wa nake.

A ƙasan sitatus akwai 'yar alamar ido. In ka taɓa ta sai ta jero maka sunayen waɗanda suka kalla. Ni da nake kiran suna a aji tun ina da ƙuruciya, wannan aikina ne. Goggo ta kalla. 'Ya'yan Kawu sun kalla. Matar Auta kuwa ita ce ta farko, ko ajiye wayar ban yi ba sunanta ya fito. Dama ba ta da sana'a sai sa ido. Shi gogan sai yau da safe na ga sunansa. Ya kalla.

Ashe dai wayar tana aiki.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na ɗora wani. Inna tana shan shayi, sai ta ɗago kai ta ce, "Yaron nan ya ci abinci kuwa?" Ban san wane yaro ba. Ban yanke wurin ba.

Ya kalla. Amma yanzu ba wannan nake son sani ba. Sau nawa ya kalla? Ya tsaya har ƙarshe, ko ya share ta da babban yatsa yadda ake share tallan takalma? In sau ɗaya ne a guje, na san ba ni da ƙane. In ya maimaita, to akwai sauran abin kamawa a jikinsa.

Na tada zancen a ɗakin malamai, ban ce na wa ba ne. Malamar lissafi ta rantse cewa duk wanda ya maimaita kallo, sunansa hawa yake yi sama. Malamin tarihi ya ce a'a, na sama shi ne wanda ya fi son ka. Shekara hamsin da furfura, yana faɗar wannan! Na bar su na zauna na karanta bayanin manhajar tun daga farko har ƙarshe. Na karanta littattafai masu wuya a rayuwata, amma ban taɓa ganin rubutun da ya yi tsawo haka bai amsa tambaya ɗaya ba.

Asabar, 10 ga Mayu

Bai zo ba.

Lahadi, 11 ga Mayu

Na gwada da kaina. Na karɓi wayar Baban yara na buɗe sitatus ɗina, na rufe, na sake buɗewa, har na gaji. Yana ta cewa, "Malama, yau kuma binciken kimiyya ake yi da cajina?" Na koma tawa na duba. Adadin masu kallo bai motsa ba. Sunansa yana nan inda yake, sau ɗaya tak.

Wato a wannan ido, da wanda ya wuce a guje da wanda ya zauna ya kalla har idonsa ya yi ja, duk ɗaya ne. Wace irin rajista ce wannan, da mai leƙowa ta taga da mai zama har a tashi duk "ya zo" ake rubuta musu? Da ɗalibi ne ya kawo min ita, da jan biro zan bi ta.

Duk da haka ina ta taɓa idon. Ko a kicin.

Talata, 13 ga Mayu

Sunan Auta ya ɓace. Jiya babu, yau babu. A cikin abin da na karanta akwai wani maɓalli da mutum zai kashe, ya kalla ba a gan shi ba. To ko ya daina kallon uwarsa, ko yana kallo a ɓoye kamar ɓarawo. Ban san wanda ya fi ƙona min rai ba.

Goggo ta kira. "Ke, ki daina tallan uwarku a waya." Na ce, Goggo, in kin gaji da gani ki zo ki yi mata wanka sau ɗaya. Ta kashe. Ban fasa ba. Na ɗora baƙin allo da farin rubutu: "Akwai masu uwa a raye da suke zaman marayu da gangan."

Ta farko a kallo, kamar kullum, uwar sa ido.

Alhamis, 15 ga Mayu

Matar Auta ta same ni a ƙofar makaranta ana tashi. Ta durƙusa ta gaishe ni, na amsa a tsaye.

"Yaya, don Allah ki daina irin na shekaranjiya."

Na ce ai ke ya kamata ki fi kowa jin daɗi, tunda ke kike buɗe kasuwa kullum.

Ta ce, "Ni? Yaya, rabon da wayata ta kwana a hannuna tun ranar da kika fara ɗora Inna."

Ashe Auta ne. Da ya dawo aiki sai ya karɓe wayar, don kada in ga sunansa da wuri in kira shi. Ya kalla, ya koma farko, ya kalla, har cajin ya mutu. Na shayin nan ma sai da ya sa ta ajiye masa shi kafin ya goge. Ta ce har 'yarsu ƙarama ta haddace, tana yawo a gida tana cewa yaron nan ya ci abinci kuwa.

Na ce to ƙafarsa ce ta karye?

Sai ta ba ni labarin zuwansa na ƙarshe. Ina kicin a lokacin. Ya shiga ya durƙusa gaban Inna, ita kuwa ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce, "Malam, wa kake nema? Maigidan ba ya nan." Ya ce, Inna, ni ne Auta. Ta matsa jikin bango ta ce Autanta yana makaranta, ya fita ko ta yi ihu. Na tuna ranar. Ya fito yana taka bayan takalmi, ya ce min daga wurin aiki ake nemansa. Har na bi shi da baƙar magana.

Ban nuna mata komai ba. Na ce ki faɗa masa ni kullum "baiwar Allah" Inna take ce min, jiya ma ta tambaye ni ko an biya ni aikina. Na gudu? Wa zai gudu ya bar wa wa?

A mota na wuce tashar saukata. Zafi ne.

Juma'a, 16 ga Mayu

Ban ɗora komai ba. Surutun Goggo ne ya ishe ni, ba wani abu ba.

Lahadi, 18 ga Mayu

Jiya ma bai zo ba, amma mai gyaran famfo ya zo. Ina tsaye na ga abin mamaki. Inna ta yi masa sannu da zuwa, ta sa na kawo masa ruwa, ta ja kujera ta zauna tana kallon aikinsa. Ta ba shi labarin Autanta mai kwance rediyo ya mayar tun yana ɗan firamare. Har dariya ta yi. Ashe ba baƙo take tsoro ba. Wanda zai tsaya a kanta ya ce lallai sai ta san shi, shi take tsoro.

Yau da safe makunnin fitilar ɗakinta ya lalace. Lafiyarsa ƙalau har zuwa lokacin da na nemo sukundireba. Na kai mata fitilar teburina kafin a gyara.

Na tura wa Auta saƙo, shi kaɗai, ba a gaban dangi ba: "Makunnin ɗakin Inna ya lalace. Ana neman mai gyara ranar Asabar kafin sha biyu. Ka zo da akwatin aikinka. Kada ka ce mata kai wane ne. Za ta ba ka ruwa, ka sha."

Ban yafe ba, kada in manta na rubuta wannan. Wata biyu ba wasa ba ne, kuma zai ji sauran daga bakina a tsakar gida, inda Inna ba za ta ji ba. Ko ya karanta saƙon ko bai karanta ba, ban duba ba. Takardun jarrabawa sun yi min yawa.

Asabar, sha biyun rana. In ta buga bai shigo ba, Baban yara zai zauna da Inna, ni kuma in hau mota har ƙofar gidansa. Ba zan yi faɗa a gaban 'ya'yansa ba. Zan ɗauki akwatin da hannuna in fito, in ga ko zai iya barin yayarsa ta tsallaka titi da shi a ka.