An ce in rubuta ƙara kan ɗaliban da suka gaya wa mahaifina gaskiya

Assalamu alaikum. Admin, a sakaya sunana. Jama'a, ina roƙonku don Allah ku ba ni shawara, domin ranar Alhamis dangina ke jiran amsata.

Ni malamin makaranta ne a wani ƙauye na yankin Roni, kuma sakataren kwamitin lafiya na garinmu. Mahaifina shi ne dagaci. A farkon damina ɗaliban likitanci suka zo auna hawan jini kyauta, suka kafa tebura a filin firamare, aka ɗora mini riƙon rajista: suna, shekaru, da abin da na'ura ta nuna. A wurinmu ba a sa dagaci a layi, ba kuma a naɗe masa hannun riga a gaban talakawansa, saboda haka aka auna Baba a zaurensa, daga shi sai ni sai ɗaliba ɗaya. Sau uku ta auna, tana barin hutu a tsakani. Na ƙarshen ya nuna 198 bisa 116, da hannuna na rubuta. Ta durƙusa, ta yi masa bayani cikin ladabi cewa kada ya kwana bai ga likita ba, ta rubuta takardar tura shi asibitin Kazaure, shugabansu ya sa hannu.

Da ta fita sai Baba ya miƙo mini takardar. A lokacin yana tsakiyar sasanta manoma da makiyaya kan wani burtali da aka shekara ana rikici a kansa, kuma yana tsoron da zarar hakimi ya ji ba shi da lafiya za a naɗa wakili, sulhun ya wargaje. Ya ce da ni, "Amana na ba ka. Ko uwarka kada ta ji, sai an kafa duwatsun iyakar burtali in tafi asibitin da ƙafata." Na yi masa magiya, ya ce tun yaushe na fara mayar masa da magana. Ya fito ya shaida wa jama'a cewa yaran likita sun ce lafiyarsa ƙalau, aka yi ta hamdala, ina tsaye rungume da rajista.

Na sake tuna masa har sau huɗu, duk na rubuta ranakun. Mako bakwai bayan awon ya faɗi a bakin masallaci bayan la'asar. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Mutumin da muryarsa ke raba faɗa, yau mahaifiyata ke ba shi kunu da cokali.

Yanzu babban yayanmu ya dawo daga Kano da fushi. Ya ce yaran da ba su gama karatu ba sun zo sun koyi aiki a jikin ubanmu, sun ce masa lafiya lau. Ya tara dangi, aka yanke a kai ƙara wurin hakimi da makarantarsu, a hana su dawowa zagaye na biyu bayan girbi. Kuma aka ce ni zan rubuta, tunda ni ne mai alƙalami. Na ce a dakata, Yaya ya ce ko dai na fi jin ciwon baƙi a kan mahaifina. Maganar ta riga ta bazu, har tsofaffi uku da aka ɗora a kan magani bayan awon sun daina sha, wai aikin yara ne.

Ban taɓa sa hannu a kan ƙarya ba, kuma raina yana ɓaci duk lokacin da na ji ana zagin yarinyar da ta yi aikinta daidai. Amma idan na fito da takardar asibitin, na bayyana wa gari cewa dagacinsu ya faɗi abin da ba haka ba, a lokacin da ba shi da bakin kare kansa. Mahaifiyata kuma za ta san cewa mako bakwai ina cin tuwonta da wannan takarda a aljihuna. Jiya na zauna kusa da Baba, na nemi izininsa in faɗa. Ya riƙe hannuna da hagunsa, hawaye na zuba, ban san ko amincewa ba ce ko roƙo.

Ƙarar dai ba zan rubuta ba, wannan na yanke. Abin da na kasa yankewa shi ne sauran. In yi shiru a kori ɗaliban, tsofaffin nan su ci gaba da zama ba magani? Ko in karya amanar mahaifina yana raye yana kallona? Idan faɗa zan yi, wa zan fara tunkara, Yaya ko mahaifiyata? Masu ilimin addini a cikinku, ku gaya mini ko irin wannan amanar tana da ranar da take sauka daga wuyan mutum.