Tayin da Ban Kai Ba

Litinin, 15 ga Afrilu, 2024

Zafi kamar a bakin murhu. Tun safe nake kan mashin, gwiwar hagu ta dawo da halinta.

Baba Manu ya zo rumfata a Funtuwa. Abokin mahaifina ne, tare suka yi fataucin auduga. Ya damƙa mini gonarsa ta ƙauye, can bayan Malumfashi, eka shida, jar ƙasa mai ɗaukar masara. Miliyan tara yake so. Na tambaye shi ko akwai wata matsa. Ya gyara hula ya ce, "Ba sauri nake ba, Shitu. In ta yi, ta yi." Madalla. Irin mai kayan da nake so ke nan.

Alhamis, 18 ga Afrilu

Na kai mutum biyu. Kowa ya yaba ƙasar, sai ya ɗaga kai ya hangi bakin daji, sai ka ji ya fara zancen zai yi shawara da ƙaninsa. Kuɗin mai na ya tafi a banza.

Litinin, 22 ga Afrilu

Alhaji Abdulmutallib mai sayen hatsi ya taya. Miliyan biyar. Ko kunya babu, yana faɗa yana ɓare gyaɗa. Na ce Alhaji, gona ce fa, ba fegin bayan makabarta ba. Ya yi dariya, wai rashin tayi ake barin arha. Sannan ya rage murya: in na shawo kan tsohon, ban da la'adata akwai dubu ɗari uku a gefe, ba mai ji.

Na ce masa albarka, a nan take. Ban ma tsaya shan ruwan da aka kawo ba.

Shekara ashirin da shida ina dillanci, ban taɓa cin mai kaya ba. Wanda ya ba ka amanar gonarsa shi ne naka, mai saye baƙo ne ko da ɗan unguwarku ne. Wannan kaɗai nake da shi da zan yi alfahari, tunda gida har yau na haya ne.

Talata, 23 ga Afrilu

Matata Naja'atu ta ce, "To ka faɗa wa Baban?" Na ce me zan faɗa masa, cewa an zage shi? Ta ce ita dai a saninta mai kaya ke cewa albarka, ba ɗan aike ba. Na ce ta ji da tukunyarta.

Ka'ida dai haka take, na sani. Duk tayin da aka yi, ko na wulaƙanci ne, dillali ya kai, mai kaya ya ce albarka ko ya ce na sallama. Amma ni na daɗe da daina kai irin waɗannan. Ina zan iya kallon idon dattijo mai shekara saba'in da ɗoriya in ce masa gonar ubansa rabin kuɗi aka taya ta? Ga hanya, ga gwiwa.

Juma'a, 26 ga Afrilu

Baba Manu ya kira bayan masallaci. "Shitu, ya ake ciki?" Na ce ana nan ana dubawa, Baba. Ya ce, "Ko tayawa ba a yi ba?" Na ce ba dai abin kirki ba tukuna. Ya ce Allah ya kawo na alheri.

Ban yi ƙarya ba. Ai ba abin kirki ba ne.

Talata, 30 ga Afrilu

Ba komai. Mashin ya mutu a hanyar Bakori, na tura shi kusan kilomita biyu.

Asabar, 4 ga Mayu

Alhaji ya sake aikowa. Biyar da rabi, wai kuma daga nan ko sisi. Na ce wa ɗan aiken ya koma ya gaishe shi. Na san halinsa: yana jiran hadari ya fara haɗuwa ne, don ya san da zarar an yi shuka ba mai sayen gona sai kaka, kuma mai matsuwa a lokacin yake faɗuwa. To wannan karon ya taro dutse. Tsohon ya ce ba sauri yake ba.

Na ji daɗin kaina yau, ban ɓoye ba.

Alhamis, 9 ga Mayu

An yi yayyafi da la'asar, ƙasa ta yi ƙamshi. Na yi niyyar kiran Baba, kati ya ƙare. Gobe.

Litinin, 13 ga Mayu

Kamalu, wannan dillalin mai baƙin gilashi da ke zama bakin tasha, shi ya tare ni yana washe baki. Wai in taya shi murna, ya rufe cinikin gonar Manu. Na ce wane Manu? Ya ce nawa. Ranar Asabar aka yi, gaban mai unguwa da shaidu. Alhaji Abdulmutallib ya saya.

Na ce nawa? Ya ce huɗu.

Huɗu. Sai da na nemi benci na zauna. Na so in ci kwalarsa, amma me ya yi? An kawo masa kaya, an taya, ya kai, an sallama.

Ban ci abincin rana ba. Naja'atu ta ɗauke kwanon yadda ta kawo shi.

Talata, 14 ga Mayu

Na tafi da fushina. Nufina in ce masa, Baba, haka ake yi? Ka ba ni amana ka zagaya ta baya? Na same shi a Malumfashi, a zauren wani ɗan'uwansa, kaya ɗaure a buhuna, tabarmi a naɗe.

Shi ya fara ba ni haƙuri. Ya ce kada in ga kamar ya raina ni. Tun bayan sallah ba sa kwana a gida, in yamma ta yi sai ya kwaso mata da jikoki su bi gari, saboda mutanen daji sun shiga ƙauyen da ke kusa da su sau biyu. In damina ta kankama, ciyawa ta rufe, ba zama. Ya samu wani gida a cikin gari, ɗaki huɗu da rijiya, miliyan biyar, mai shi ya ba shi zuwa sha biyu ga wata. "Da na ga sati uku ko tayi babu, sai na ce ashe gonar ba ta da daraja kamar yadda nake zato. Da Kamalu ya zo da huɗu, na ce kada wannan ma ta wuce."

Na ce gidan fa? Ya ce huɗu ba ta kai ba, wani ya saya. Sun kama hayar ɗaki biyu, su goma sha ɗaya.

Na ce, Baba, amma ai kai ka ce mini ba sauri kake ba. Ya kalle ni kamar na yi tambayar yara. "Shitu, ka taɓa jin mai sayar da gonar gado ya ce sauri yake?"

Ban taɓa ji ba. Shekara ashirin da shida, ban taɓa ji ba.

Na dawo ban faɗa masa ba.

Laraba, 15 ga Mayu

Ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ban fita ba.

In na yi shiru ba mai sani. Alhaji ba zai faɗa ba, ribarsa ce. Ina ta gaya wa kaina aikin gama ya gama, faɗar ba za ta dawo da gida ba, sai dai ta ƙona wa tsoho rai. Sai na tuna irin wannan lissafin ne ya kawo mu nan.

Asabar, 18 ga Mayu

Na koma. Na faɗa masa duka, biyar ɗin, da biyar da rabin, da ranakun. Na faɗi na dubu ɗari ukun ma, ina jin don ya san ban ci ba. Wannan bai ko ɗaga masa gira ba.

Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, "Biyar da rabi." Ya sake cewa, a hankali. Sannan ya ce, "Na san ba cuta ta ka yi niyya ba. Amma gonar tawa ce, Shitu. Da ka bar ni na ji zagin da kunnena."

Ya ce ya yafe. Ya sa aka kawo mini fura. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Daga inda nake zaune ina hango ɗakunan biyu, takalma jibge a ƙofa.

Litinin, 20 ga Mayu

Na wuce ta gonar ba da niyya ba. Tarakta tana ciki.

Alhamis, 23 ga Mayu

Wani malamin makaranta ya taya gidan Hajiya Bushra na Malumfashi, wanda ta ba ni in sayar, tana neman miliyan sha biyu. Bakwai. Abin dariya. Bakina har ya buɗe, sai na ce masa ya ba ni zuwa gobe.

Na hau mota, don mashin yana wurin gyara. Ba wai don wani abu ba, dama ina son sayen man zafi a can. Na zauna na faɗa mata yadda aka faɗa, ban ƙara ba, ban rage ba. Ta ce albarka tun kafin in rufe baki, har da tsaki, ta ce saboda wannan na sha rana?

Na ce eh, Hajiya. Na tambaye ta kuma, sau biyu, ko akwai abin da ya kamata in sani. Ta aiki 'yarta ta rufe ƙofar zaure.

Na manta ban sayi man zafin ba.