Bandar Kifi Don Birta

Gimli, 11 ga Janairu

Zuwa ga uwargida Runa,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Yaya jikin 'yarmu Thora, ɗinkin haihuwar ya fara kamewa? Ina tagwaye? Ki shafa min kawunansu. Ki gaishe da surukinmu, in barci ya sake shi.

Bayan haka, kin ce in riƙa rubuto miki wasiƙa, tunda a waya ba abin da nake cewa sai "lafiya lau" da labarin iska. To ga shi na zauna. Rabona da rubuta miki wasiƙa shekara arba'in da shida ke nan, waccan ma yayata ce ta gyara min rabinta, abin da ban taɓa gaya miki ba.

Gida yana nan yadda kika bar shi, sai dai kwanuka sun ɗan taru. Takardar da kika manna a jikin firji ina karanta ta kullum kafin in sha kofi. Ɓangaren kwikwiyonmu Bangsi ban yi kuskure ko ɗaya ba. Abincinsa na ƙananan karnuka sau uku a rana, da kofin nan naki mai layi. Ranar Talata na kai shi allurar rigakafi ta biyu. Ya yi fitsari a kan sikeli, Likita Marchuk ta ce ba shi ne na farko ba. Ta duba haƙoransa da kunnuwansa, ta ce yana girma daidai. Ya cinye min rabin takalmin ruwa, amma wannan ba ya cikin takardarki.

Kyanwarki Birta ce matsalar. Abincin gwangwanin nan da likita ta rubuta mata saboda ƙoda, kwana biyu bayan tafiyarki ta ƙi shi. Ta shinshina, ta ɗago ta dube ni irin kallon da mahaifiyarki ta yi min ranar da na zo neman aurenki, ta yi tafiyarta. Na ɗanɗana da yatsa don in yi mata adalci. Runa, gaskiya tana wajenta.

Ki tuna wace ce Birta. A rumfar taruna aka haife ta, uwarta da kawunan kifi ta tashi. Shekara goma sha shida tana jirana a bakin ƙofa in dawo daga tafki. Yanzu a ce a tsufanta a riƙa ɗura mata abin da ba shi da ɗanɗano ba shi da ƙamshi? Na gutsura mata bandar kifi, 'yar kaɗan, ba ta kai yatsa ba. Ta cinye, ta lashe tafin hannuna, ta hau cinyata tana gurnani. Kada ki yi faɗa. Sau ɗaya ne.

Ki ci abinci da kyau, kada ki ƙare a raino. Gadon ya yi min faɗi.

Naki,
Dori

Gimli, 2 ga Fabrairu

Zuwa ga Maman Thora,

Ina gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Na ji daɗin jin cewa Thora ta fara takawa har bakin titi. Hoton tagwaye ya iso. Namijin hancina ya ɗauko, Allah ya ba shi haƙuri.

Wasiƙarki ta zo, na karanta, kuma na ji ta har cikin kunne kamar kina tsaye a kaina. Layi uku kika ja a ƙarƙashin kalmar gishiri, wai bandar kifi cike take da shi. Na ji. Na rage.

Game da gwajin jinin Birta na ranar ashirin da bakwai, na ɗaga shi. Kafin ki ɗauki alƙalami, saurara. A ranar, sanyi ya kai digiri talatin da biyar ƙasa da sifiri. Kin san yadda take ihu a cikin kwandon nan tun daga ƙofar gida har asibiti, kamar ana yanka ta. Na dube ta tana kwance a kujerarki cikin rana, na ce me wannan tsohuwa ta yi da za a fitar da ita a soka mata allura? Sai sanyi ya sassauta.

Kuma lafiyarta ƙalau. Ruwa take sha kamar doki, sau biyu nake cika mata kwano yanzu. Ke ce kullum kike cewa ba na shan isasshen ruwa, to ga wadda take bin maganarki. Ta ɗan rame, na yarda. Kewarki ce. Yini take a kujerarki, hancinta a cikin rigar sanyin da kika bari. Ni ma na ƙara huji ɗaya a bel ɗina, ba wanda ya ce a gwada jinina.

Jiya na zauna da abokina Stefan a wajen shan kofi, na ba shi labari. Ya ce, "Dori, kai da ka yi shekara hamsin kana fasa ƙanƙara kana kamun kifi, yau ka koma auna wa kyanwa abinci da cokali? Tawa ta yi shekara ashirin a kan hanjin kifi, ko hanyar asibiti ba ta sani ba." Na ce masa tasa ai don tsoron matarsa ta ƙi mutuwa. Ya ce to ni ma abin da ya riƙe ni ke nan. Muka rabu a haka.

Bangsi ya karɓi allurarsa ta uku da maganin tsutsa. Haƙoran nono sun fara zuba, na tsinci ɗaya a tabarmar ƙofa na ajiye miki a kofin shayi. Shi kam ba ya barin mutum cikin duhu. In yunwa ce ya faɗa, in ƙaya ce ya faɗa, in ba komai ma ya faɗa. Muna fitowa likita ta tambaye ni Birta. Na ce tana nan garau, za mu zo.

Kin ce sai goma sha huɗu ga Maris za ki dawo. Na sa alama a kalanda.

Naki har kullum,
Dori

Gimli, 25 ga Fabrairu

Runa,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Thora da yara da mahaifinsu. Allah ya sa kowa lafiya.

Wannan wasiƙar sau uku ina fara ta. Abin da na gaya miki a waya ranar Lahadi, cewa Birta ba ta jin daɗi, rabin magana ne. Ga sauran.

Da na ce miki na rage kifin, ban rage ba. Kullum da safe nake ba ta, wani lokaci har da yamma. Gwangwanayen likita suna nan a jere a kabad, guda biyu kawai na buɗe tun tafiyarki. In na gutsura mata tana zuwa da gudu, tana goga kanta a ƙafata, ni kuma gidan sai ya rage shiru. Na riƙa ce wa kaina don ita nake yi.

Mako biyu da suka wuce ta daina hawa kujerarki. Tana tsayawa a ƙasa ta dube ta, ta juya. Na ce tsufa ne, na sa mata akwati ta taka. Sai amai, na ce gashi ne ta haɗiya. Kowane abu na samo masa suna. Ranar Juma'a da safe na same ta zaune, kanta a saman kwanon ruwa, ba ta sha, ba ta tashi. Na miƙa mata kifin, ta kau da kai. Da na ɗauke ta, Runa, kamar na ɗauki safar hannu.

Ba ta yi ihu a mota ba. Na yi ta jiran ta yi.

Likita Marchuk ta ɗora ta a sikeli, ta duba takardunta, ta sake duban sikelin. A watan Nuwamba kilo huɗu ce, yanzu ba ta kai uku ba. Aka ɗibi jini, aka sa mata ƙarin ruwa. Da sakamako ya fito ta zaunar da ni ta ce, "Baba Dori, me take ci?" Na faɗa mata. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da na fi samun sauƙi. Ta ce da na buga mata waya tun ranar da Birta ta ƙi abincin, akwai wasu iri da ake gwadawa, ana ɗumama shi, ana gauraya shi kaɗan-kaɗan, akwai ma maganin tashin zuciya, don sau da yawa shi ke hana su ci. Ta ce yawan shan ruwan da nake alfahari da shi, ƙodar ce ke kasawa. Tsohuwar kyanwa ba ta nuna ciwo, ɓoyewa take, shi ya sa ake gwada jininta ko da ido na ganin lafiya.

Na tambaye ta ko ni na kashe ta. Ta ce ba ni na kawo ciwon ba, da ma can hanyarsa guda ce. Na ce ba wannan na tambaya ba. Ta ce wataƙila da an samu ƙarin watanni, ba wanda zai iya rantsewa.

Ta koya min yi mata ƙarin ruwa a gida. Ana kama fatar wuya a ɗaga, a sa allura a ƙarƙashi, a rataye jakar a ƙusar da kike rataye hularki. Haka nake yi mata. Birta ba ta motsi. Bangsi na kulle shi a ɗakin wanki, yana ta kuka kamar shi ake soka.

Na tambayi likita ko za ta kai goma sha huɗu ga Maris. Ta ce mu bi ta rana-rana. Ni na ce za ta kai. Zan riƙe miki ita, ki same ta da rai, ki riƙe ta. Wannan kaɗai ya rage da zan iya yi.

Kada ki katse zamanki, Thora tana bukatarki.

Mijinki,
Dori

Gimli, 11 ga Maris

Zuwa ga matata Runa,

Ina miki gaisuwa, da gaisuwar rashi. Allah ya ba ki haƙuri. Ina fata yara suna lafiya, kuma haɗa kaya bai gajiyar da ke ba.

Wannan ba za ta shiga gidan waya ba, za ki riga ta isowa. Zan zo da ita filin jirgi ranar Asabar in miƙa miki. Daga Winnipeg zuwa gida tafiyar awa guda ce da 'yan kai. Ki karanta a mota, ni zan kalli hanya.

Kin san an gama da wahalar Birta ranar Litinin. Abin da ba ki sani ba shi ne tun ranar Juma'a ya kamata a gama.

Ranar Alhamis da muka yi waya kin ce min, "Tsoho, kada ka riƙe ta domina." Na ce to. Washegari likita ta gan ta, ta ce lokaci ya yi da za a yi mata allurar da za ta hutar da ita har abada. Ƙafafun baya sun daina ɗaukarta, bakinta ya yi gyambo, ko ruwan da nake ɗiga mata da sirinji sai ya dawo. Na ce a ba ni zuwa Litinin. A zuciyata ina lissafi, in ta kai Litinin za ta kai Laraba, in ta kai Laraba saura kwana uku. Likita ta dube ni ta ce, "Zan ba ta maganin rage zafi, amma ka sani ba don ita muke jira ba."

Na ce don ke nake jira. Sai ranar Lahadi da rana, ina canza mata tawul a ƙarƙashi, ta yi wani ɗan ƙara da ban taɓa ji ba a shekara goma sha shida, sannan na yarda da abin da na sani. In kika same ta da rai, ko da numfashi ɗaya ne, laifina zai ragu. Abin da nake jira ke nan. Kwana uku ta yi tana ɗaukar min wannan.

Likita ta zo gida da kanta ranar Litinin bayan cin abincin rana, don kada a sake sa ta a kwando. Na shimfiɗa rigar sanyinki a cinyata, na ɗora ta. Allura biyu. Ta farko ta sa ta barci, na ji jikinta ya saki, rabon da ya saki haka an yi makonni. Na gaya mata kina gaishe ta. Na ba ta labarin tagwaye. Ban san me ya sa ba, shi ya zo min a baki. Bayan ta biyu likita ta sa abin sauraro a ƙirjinta, ta gyaɗa kai. Da za ta tafi ta tsaya a ƙofa, ta dawo ta wanke min kofuna biyu da muka sha kofi, ban hana ta ba.

Stefan ya zo da yamma. Ya cire hula, ya zauna, bai yi zolaya ko ɗaya ba. Can ya ce tasa kyanwar ma, in ya tuna da kyau, ba ta kai ashirin ba, kuma ƙarshenta bai yi kyau ba. Na ce ya makara. Ya ce ya sani.

Bangsi yana zagaya gidan yana shinshina kusurwa-kusurwa. Ya ci abincinsa dai.

Likita ta ce za su iya ƙona ta su ba mu tokar. Na ce a'a, ba zan sake yanke komai a kanta ba tare da ke ba. Ƙasa kuwa har yanzu dutse ce saboda ƙanƙara, na gwada da diga a bayan gida, ko tabo ban yi ba. Sai cikin Mayu za ta saki. Don haka na naɗe ta a rigar, na haɗa mata akwati da katakon tsohon jirgin ruwana, na ajiye ta a rumfar taru inda sanyi zai riƙe ta. Na sa kwaɗo saboda dila. Ban buga murfin da ƙusa ba, ko za ki so ki gan ta. In ba ki so, zan buga.

Ba zan roƙe ki gafara a takarda ba. In kin ga dama ki yi shiru har gida, in kin ga dama ki fara tun daga wajen ajiye motoci. Duk wanda kika zaɓa na cancanta.

In ƙasa ta saki, ni zan haƙa. Wurin kuma ke za ki nuna. Ni na yi zaɓi da yawa a wannan sanyin.

Mijinki,
Halldor, Dorinki